Amsoshin Takardunku: Tarihin Ƙungiyoyin Masu Sassaƙar Juyi A Ingila

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga yankin Bakori ta Jihar Katsina, ya aiko da takarda yana cewa ya ji labari wai a ƙasashen Turawa akwai tsofaffin ma'aikata da ke kafa ƙungiya, su riƙa taruwa suna sassaƙa akusa da kofunan itace a kan wani inji mai juyawa, kuma wai ba don neman kuɗi suke yi ba. Shi ne yake so ya ji ko gaskiya ne, yaushe abin ya samo asali, kuma mene ne suke ƙaruwa da shi.

AMSA: Labarin da ka ji gaskiya ne. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna nan a Ingila da Amurka da Ostareliya da wasu ƙasashe. Amma da yake ba za mu iya zagaye duniya a fili ɗaya ba, za mu tsaya a Ingila, inda tarihin abin ya fi fitowa fili. Sai ka gyara zama, kai da sauran masu karatu, don labarin da ɗan tsawo.

Da farko dai bari mu san aikin kansa. A sassaƙar da muka saba gani, iccen na ajiye a ƙasa, masassaƙi ne ke bin sa da gizago yana sara. A wannan kuwa, ana ɗaure guntun icce tsakanin tsinin ƙarfe biyu, a sa shi ya yi ta juyawa kamar mazari. Shi masassaƙi yana tsaye wuri ɗaya, ya ɗora ƙarfensa mai kaifi a kan wani matokari, ya kara bakinsa a jikin iccen. Iccen da kansa ke kawo kansa ga kaifi, yana feruwa. Saboda haka duk abin da ya fito daga wannan inji kewayayye ne sumul: akushi, kofi, ƙafar kujera, ƙotar kayan aiki. Injin za mu kira shi keken sassaƙa, don tsohon samfurinsa da ƙafa ake taka shi kamar keken tela. Aikin kuma mu ce da shi sassaƙar juyi.

ASALIN SANA'AR

Ba Turawan Ingila suka ƙago wannan dabara ba. A ƙasar Masar akwai kabarin wani babban mutum mai suna Petosiris, wanda aka gina kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A jikin bangonsa an zana mutum biyu suna wannan aiki, ɗaya na jan igiyar da aka naɗe a jikin icce, ɗaya na riƙe da ƙarfe yana fere shi. Daga baya aka gano cewa mutum ɗaya ma zai iya, idan ya naɗa tsirkiyar baka a jikin iccen yana turawa yana jawowa. Har gobe in ka shiga kasuwar birnin Marrakesh ta Maroko za ka tarar da masu aiki haka, hannu ɗaya na jan baka, ɗaya hannun da yatsun ƙafa na riƙe da ƙarfe.

Mutanen Turai kuwa sai suka fi karkata ga keken sanda. Ana kafa doguwar sanda mai danƙo a bisa kan mai aiki, a ɗauro igiya daga tsininta, a naɗe ta a jikin iccen, a kai ƙarshenta ga mataki a ƙasa. In ya taka, iccen ya juyo wajensa, sai ya yanka. In ya ɗaga ƙafa, sandar ta miƙe ta mayar da igiya, sai ya ɗan janye ƙarfen. Haka zai yi ta yi tun safe har yamma.

A birnin York da ke arewacin Ingila akwai wani titi mai suna Coppergate. Masana sun ce ma'anar sunan ita ce titin masu yin kofuna, a harshen mayaƙan teku na ƙasashen Denmak da Nowe da suka ci garin a shekarar 866. Da aka yi tono a wurin tsakanin 1976 da 1981, sai ga akusa da kofunan itace, ga kuma tarin cibiyoyin icce da masassaƙa ke cirewa daga tsakiyar akushi su yar. Ka ga ke nan fiye da shekara 1,000 da suka wuce, unguwa guda ce ta masu wannan sana'a, kamar yadda birane ke da unguwar maƙera ko ta marina. A wancan zamani talakan Ingila a akushi yake cin abinci. Ko jirgin ruwan yaƙin nan Mary Rose, da ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982, an sami akusa da dama a cikinsa, wasu ma da shaidar da masu su suka karta a jiki don kada a yi musanya.

ƘUNGIYAR DA: MAI TSARE ƘOFA

To Malam, ƙungiyar masassaƙan juyi ba sabon abu ba ce a Ingila, sai dai ta da ta sha bamban da ta yanzu. A Landan masu sana'ar sun daɗe da haɗa kai, har a shekarar 1604 Sarki James na Ɗaya ya ba su takardar izini da hatiminsa. Wannan takarda ta ba shugabanninsu ikon shiga shagon kowane masassaƙi a Landan da kewayenta su duba aikinsa, su ci tarar wanda ya yi algus.

'Yan kasuwa za su so su ji wannan. Da yake ma'aunan itace da ake awo da su a birnin daga hannun waɗannan mutane suke fitowa, hukuma ta sa musu ido ƙwarai. A shekarar 1347 magajin garin Landan ya umarci kowane masassaƙi ya riƙa buga tambarinsa a jikin ma'aunin da ya yi, don in an kama na ƙarya a san inda za a nufa. Ashe rigimar mudu mai bugaggen gindi ba a kanmu aka fara ba.

Shiga sana'ar kuwa ba wasa ba ne. Wata doka ta 1563 ta ce sai yaro ya yi shekara 7 a hannun maigida kafin a bar shi ya buɗe nasa wurin. Dabarun aiki asiri ne, daga uba sai ɗa, daga maigida sai yaronsa. Dalili kuwa a fili yake: abinci ne. Duk wanda ka koya wa, gobe shi ne zai raba ka da masu ciniki. Ka riƙe wannan magana, don za mu komo gare ta.

MUTANEN DAJI DA GARIN KUJERU

Nesa da Landan da dokokinta, akwai masassaƙan karkara. Waɗanda suka fi suna su ne na tuddan Chiltern, kewayen garin High Wycombe, yamma da Landan. Turawa na kiransu boja. Wurin dazuzzuka ne na wani icce mai laushin aiki in yana ɗanye. Su waɗannan mutane sukan sayi itatuwa a tsaye a wajen gwanjo, su kafa bukka a cikin dajin, su kafa kekensu na sanda. Su sare icce, su yanka shi gunduwa-gunduwa, su faskara, su rage da gatari da wuƙa, sannan su ɗora a keke su fere ƙafafun kujera. Tun yana ɗanye suke aikinsa, daga baya su jera a iska ya bushe. Ciniki kuma da gurus ake yi, wato ƙafa 144, a kai wa masu masana'antu a cikin gari su haɗa kujera.

Kasuwar ta yi albarka. An ƙiyasta cewa wajen 1875 ana yin kujera 4,700 kowace rana a High Wycombe. Da Sarauniya Biktoriya ta ratsa garin a 1877, ƙofar maraba da aka yi mata a kan titi da kujeru aka gina ta, an ɗora wata kan wata. Har yau laƙabin 'yan ƙwallon garin shi ne samarin kujera. Amma shi boja da ke cikin daji, cikin sanyi da ruwan sama, abin da yake samu bai wuce na sa wa a baka ba. Riba tana wajen mai masana'anta.

YADDA SANA'AR TA DURƘUSHE

Abu biyu suka kayar da ita. Na farko, kwanon da ya fi akushi araha da sheƙi. Tun daga ƙarni na 16 da na 17 kwanukan yumɓu da na kuza suka fara shiga gidaje, sannan a ƙarni na 18 masana'antun tangaran na yankin Stoke suka cika kasuwa. Daga baya ga kwanon ƙarfe mai fenti, ga roba. Akushi ya zama alamar talauci. Na biyu, injuna masu aiki da tururi, sannan da lantarki, waɗanda ke fere ƙafar kujera iri ɗaya sak, ɗari bisa ɗari, ba gajiya. Zuwa farkon shekarun 1960 babu sauran boja a dazuzzukan Chiltern.

Labarin da ya fi taɓa zuciya shi ne na wani dattijo mai suna George Lailey, na ƙauyen Bucklebury. An haife shi a 1869, ya gaji sassaƙar akushi daga ubansa da kakansa, a wata bukka da ba ta taɓa ganin lantarki ba. Gwaninta tasa ita ce, daga gunduwa ɗaya zai fitar da akusa da dama, wani cikin wani, da wasu ƙarafa masu lanƙwasa kamar ƙugiya, maimakon ya rarake cikin ya zubar. Masu yawon buɗe ido sun riƙa zuwa kallonsa suna sayen akushi don ajiyewa, amma mai zama ya koya bai samu ba. Ya rasu a 1958, shi ne na ƙarshe a Ingila da ke cin abinci da wannan aiki a keken sanda. Aka kwashe kekensa da ƙarafansa aka kai gidan tarihin rayuwar karkara da ke Jami'ar Reading.

Ƙarfe ya tsira, amma hannun ya tafi. Sai a shekarun 1990 wani saurayi mai suna Robin Wood ya ga kayan a gidan tarihin, ya koma ya ƙera irinsu, ya yi ta gwaji yana ɓata icce har ya gano bakin zaren. Abin da dattijon zai nuna masa cikin 'yan watanni, sai da ya ci masa shekaru.

DAGA SANA'A ZUWA SHA'AWA

Yin sassaƙar juyi don nishaɗi da daɗewa, sai dai a da wasan sarakuna da attajirai ne. Sarki Bitrus na Rasha, wanda ya rasu a 1725, yana da kekunansa a fada, suna nan ajiye a gidan tarihi na birnin Santa Fitasbag. A Landan kuma gidan Holtzapffel, tun daga ƙarshen ƙarni na 18, ya riƙa ƙera wa masu hali kekuna masu tsadar gaske. Abin da suka fi son ferewa shi ne hauren giwa, wanda akasarinsa daga Afirka ake kai shi, har da wanda fatake Hausawa ke sayowa daga Adamawa a ƙarni na 19, a bi da shi ta Kano zuwa Tarabulus. An hana cinikin hauren tsakanin ƙasashe tun 1989.

Talaka bai shiga ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Lantarki ya kai gidaje, kamfanoni suka fito da ƙananan kekuna da ma'aikaci zai iya saye ya kafa a 'yar rumfar bayan gida, makarantu na koyar da aikin katako, sannan ga fansho da ke ba mutum shekarun hutu bayan aiki. Matsalar ita ce kowa shi kaɗai yake. Ba maigida, ba abokin shawara, sai littafi. Littafi kuwa ba ya riƙe maka hannu ya gyara maka kwanciyar ƙarfe.

Wannan ƙishirwa ce ta haifi ƙungiyoyin. Mutanen Ayalan suka kafa tasu a 1983. A Amurka, bayan wani babban taro da aka yi a makarantar sana'a ta Arrowmont a Jihar Tennessee a 1985, aka kafa ƙungiyar ƙasa a 1986, wadda rassanta suka haura 300. A Birtaniya kuwa a 1987 aka kafa babbar ƙungiyar da ake taƙaita sunanta AWGB, shugabanta na farko shi ne wani gwani mai suna Ray Key. A watan Oktoba na wannan shekarar aka yi wata muguwar guguwa a kudancin Ingila da ta kayar da itatuwa kimanin miliyan 15, icce ya zama ana neman mai kwashewa. A 1990 masu son tsohon keken sanda su ma suka kafa tasu ƙungiyar, suna taro sau ɗaya a shekara a fili, har da gasar wanda zai riga mayar da gunduwar icce ƙafar kujera. Yanzu ƙananan ƙungiyoyin garuruwa da ke ƙarƙashin AWGB sun fi 100.

YADDA ZAMAN ƘUNGIYA YAKE

To, ga abin da za ka gani da za ka leƙa ɗaya daga cikinsu. Galibi ba su da gini nasu, zauren taron ƙauye ko na makaranta suke haya, dare ɗaya a wata. Akwai shugaba da sakatare da ma'aji, ana zaɓensu a taron shekara, ba a biyansu ko kwabo. Kowane mamba na biyan kuɗin shekara, da shi ake biyan haya, a sayi keke da ƙarafa na ƙungiya, a kuma biya inshora saboda tsautsayi. Mambobin kuwa gauraye ne: tsohon direba, tsohon malamin makaranta, tsohon injiniya, manomi, likita. A gaban keke duk ɗaya suke.

Babban abin da ake yi a daren taro shi ne nuni. A gayyato wani gwani, ko wani daga cikinsu ya tashi, ya ɗora icce ya yi abu tun daga farko har ƙarshe, yana yi yana bayani. Ana rataya kyamara a bisa kansa, hoton na fita a babban allo, don na baya ma ya ga yadda bakin ƙarfe ke shiga icce. Kowa na da damar tsayar da shi ya yi tambaya. In ƙarfe ya kafe ya ɓata aikin, a yi dariya, sannan ya bayyana dalili. Ka tuna ƙungiyar da, mai shekara 7 da ɓoye asiri? A nan wanda ya fi buɗe cikinsa shi ya fi daraja. Da yake ba wanda ke jiran akushin ya ciyar da iyalinsa, tsoron kishiya ya kau.

Tsakiyar taro a tashi shan shayi da biskit, a nan ake hira da cinikin icce da musayar ƙarafa. A gefe ga teburin gasa. Kowane wata ana ba da abin da za a yi, misali akushi mai murfi ko fitila, kowa ya kawo nasa, an raba ajin sababbi da na gwanaye. Alƙali ya ɗaga ya shafa, ya duba kauri, ya juya gindi ya ga ko an gyara, ya faɗi inda aka yi kyau da inda aka gaza. Ƙungiyoyi da yawa kuma suna da ranar aikin hannu, inda za a jera kekuna, sabon shiga ya kama ƙarfe, tsohon hannu na tsaye a kafaɗarsa.

Abin da ake fara koya masa shi ne wasa ƙarfe, don dakusasshen ƙarfe yage icce yake yi. Sai sanin icce. Ɗanyen icce ya fi daɗin yanka, amma in ya bushe yakan karkace ko ya tsage. Dabararsu ita ce su fere akushin da kauri, kimanin kashi 1 cikin 10 na faɗinsa, su shafe shi da kakin zuma ko makamancinsa, su ajiye wata da watanni ya sha iska a hankali, sannan su mayar da shi keke su daidaita. Katako kuwa lissafinsu shi ne shekara 1 ga kowane inci na kauri. Shi ya sa za ka ga mutum na sarrafa iccen da ya ajiye shekara 3 da suka wuce. Yawancin iccen ba saye suke yi ba. Wanda iska ta kayar ne, ko wanda masu gyaran itatuwan gari suka sare. In wani ya ji labarin bishiya ta faɗi, ya sanar da 'yan uwa, a je a yanka a raba.

Maganar kiyaye lafiya kuwa ba sa wasa da ita. Keken lantarki na iya juya icce fiye da sau 1,000 a minti ɗaya, in gunduwa ta kuɓuce sai ta fasa fuska. Don haka dole a sa garkuwar fuska, a naɗe hannun riga, kada wani tsumma ya yi lilo kusa da icce. Ƙurar katako ma cuta ce: tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa shi, musamman a hanci. Kafintocinmu da ke yini cikin garin katako ba abin rufe hanci, wannan saƙo har da su.

Kayan da suka yi fa? Mutum ɗaya ba zai ci abinci a akushi 200 ba. Sukan kafa rumfa a bukukuwan nunin amfanin gona, su yi aiki a gaban jama'a, su fere wa yara katantanwa, su sayar da kaya su ba da kuɗin ga gidajen jinyar marasa lafiya. Wasu na yin 'yan akwatuna masu murfi ga yaran da ke fama da ciwon daji, su riƙa tara duwatsun ado da asibiti ke ba su bayan kowane magani. A Amurka an yi ta fere alƙaluma ana aika wa sojoji da ke bakin daga.

RIBA DA MATSALA

Ka tambayi abin da suke ƙaruwa da shi. Malam, a ƙasar da tsoho ke iya kwana uku bai yi magana da kowa ba, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Kaɗaici ya yi wa Birtaniya yawa har a 2018 gwamnati ta ɗora wa wata minista alhakin kula da matsalar. Mutumin da ya bar aiki, 'ya'ya sun watse, wataƙila matarsa ta rasu, ƙungiya ce ke sa shi ya yi wanka ya fito. In ba a gan shi ba, a buga masa waya. In ya rasu, sau da yawa 'yan ƙungiya ne ke zuwa su ƙiyasta kayan aikinsa su sayar bisa adalci, don kada a cuci iyali. Zumunta dai a ƙafa take, ko a ina ne.

Da Ray Key ya rasu a 2018, an tarar da tarin kayan da ya fara bai gama ba. Sai aka rarraba su ga masassaƙa fiye da 100 a ƙasashe daban-daban, kowa ya ƙarasa ɗaya da irin hannunsa, aka tattaro aka yi nuni da gwanjo a 2019. Ka kwatanta wannan da bukkar Lailey, inda shekara 60 kafin nan aka rasa ko mutum ɗaya da zai ɗauki ƙarfe.

Amma fa ba a rasa matsala ba. Akasarin mambobi maza ne masu furfura, mata da matasa kaɗan ne. Ƙungiya kan mutu don kawai an rasa mai karɓar aikin sakatare, ko don haya ta yi tsada. Annobar korona ta 2020 ta rufe zauruka, aka koma kallon nuni ta intanet, wasu tsofaffin kuma ba su sake dawowa ba. Shi ya sa babbar ƙungiya, tare da waccan tsohuwa ta Landan mai takardar 1604, wadda tana nan har yau amma ta koma aikin taimako, suke ɗaukar nauyin koya wa matasa. Mai tsare ƙofa jiya, yau shi ke biya a shigo.

To Malam, ka ji tarihin. Masassaƙanmu ba da keke suke aiki ba, da gizago ne, kuma turmin ƙirya da taɓarya da ƙota har yanzu suna da kasuwa. Amma akushi fa? Kwano da roba sun yi masa abin da tangaran ya yi wa na Ingila. Idan a garinku akwai dattijon da ya iya rarake akushi ya ƙona shi ya yi baƙi sumul, ku duba ku gani ko akwai yaro a gefensa. In babu, ba sai an jira gwamnati ko gidan tarihi ba. Mutum biyar da inuwar bishiya da yammacin ranar da ba a zuwa gona sun isa a fara, a kuma riƙa sallamar dattijon da abin goro. Mutanen Bucklebury ba su yi haka ba, sai da aka shekara fiye da 30 kafin a sake jin ƙarar irin wancan keke.

Da fatan mun gamsar da kai. Masu tambayoyi sai ku ci gaba da aiko da takardunku, ku rubuta da kyau yadda za a iya karantawa, tambaya ɗaya a takarda ɗaya.